Kwankwason Inna a Harshe Uku

Na daɗe ina ba da kati a wani asibiti a Yelwa kafin kowa ya san ina da baki. Aikina in zauna bayan taga, in tambayi suna da gari da shekaru, in rubuta, in miƙa. Shekarun ma yawanci ni nake yanka wa mutane, don idan ka tambayi tsohon masunci shekarunsa sai ya ce maka an haife shi kafin ruwa ya ci garinsu, sauran aikin kai ya bar wa. Ba mai gaishe da mai kati da fara'a sai wanda yake son a tsallake da shi layi.

Ana nan sai aka kawo mana wata likita daga Kuba, gajeriyar mace mai furfura a goshi, mai saurin tafiya kamar ta bar tukunya a wuta. Harshenta Sifaniyanci ne. Turancin da ta zo da shi na cikin littafi ne, namu kuwa na ofis da bakin titi, saboda haka idan ta yi magana nas-nas su kalli juna, idan su suka yi ita ta kalli silin. Wata rana na raka wani tsoho ɗakinta saboda katinsa ya ɓace, na tarar an yi cirko-cirko tsakaninta da nas. Na maimaita mata abin da nas ɗin ta ce a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, yadda nake yi wa masu nauyin kunne a taga. Ta gane. Washegari aka sa wani a tagata, ni kuma aka ba ni kujera a kusurwar ɗakin likita, na zama tafinta.

A bangon ɗakin akwai hoton ƙwarangwal, tsohon hoto da ya koɗe, kowane ƙashi da sunansa da Turanci. Ita kuma tana da ɗan ƙamus na aljihu, Turanci zuwa Sifaniyanci. Na sami littafin rubutu irin na 'yan makaranta, na ja layi biyu a kowane shafi ya zama gida uku: Turanci a tsakiya, yarenta a dama, Hausa a hagu. Idan marasa lafiya suka ƙare bayan azahar, sai in tsaya gaban ƙwarangwal ɗin in kwafe sunayen, daga ƙoƙon kai har ɗan yatsan ƙafa, in bi su cikin ƙamus ɗaya bayan ɗaya, ita tana gyara mini furuci. Da ƙasusuwa suka ƙare muka koma kan sauran jiki, wuya da kafaɗa da ƙirji da mara da gwiwa, har diddige.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin kwanakin nan. Na gano yawancin sunayen ƙashi a Turanci da yarenta kusan ɗaya ne, ɗan wutsiyar kalmar kawai ake canzawa, har na fara raina Turawa da cewa ashe su ma aron juna suke yi. Wuyan hannu a yarenta "muñeca" ne, kalmar da kuma take nufin 'yar tsana. Yatsa "dedo" ne, na hannu da na ƙafa duk ɗaya kamar dai namu, Bature ne kaɗai ya ga sai ya raba su. Ita ma ta ce sai ta koyi Hausa, amma maƙogwaronta ya ƙi yarda da harafin ƙa. Wata rana ta kama hannun wani dattijo daga Shanga da jaki ya kayar, ta latsa, ta murɗa, sannan ta gaya masa da Hausarta cewa kashinsa lafiya lau. Dattijon ya ce alhamdu lillahi, amma shi dai hannu ya kawo. Sai da na fita waje na yi dariyar da ta ishe ni. A lokacin iyakar sanina da kuskuren fassara ke nan, a yi dariya a wuce.

Kaina ya kumbura, wannan ma ba zan ɓoye ba. Na fara jera biro uku a aljihun riga. A kasuwar kifi wasu mata suka fara ce mini likita, ban taɓa gyara musu ba. Nas-nas suna mini laƙabi da ɗan Sifen don su tsokane ni, ni kuwa ina amsawa da hura hanci. Mutumin da jiya aikinsa tambayar suna ta taga, yau yana gaya wa nas mai shekara ashirin a aiki ta ɗan matsa don likita ba ta gane ta.

A shafi na huɗu na littafin akwai layi biyu da suke bin juna. Na farko kalmar Turanci ce, "waist". Wannan ba ta ba ni wahala ba, don a asibitinmu ita kowa yake rubutawa. Duk wanda ya zo ya ce kwankwaso, ko ƙugu, ko ƙasan baya, nas za ta rubuta masa ciwon "waist" a kati, a ba shi magani ya tafi. Saboda haka na zuba kwankwaso da ƙugu duka a gidan hagu, ƙamus kuma ya ba ni "cintura" na sa a dama, wato inda mace take ɗaura zane. A ƙarƙashinta akwai "hip", ƙamus ya ce "cadera", wato wurin da kan ƙashin cinya yake shiga gurbinsa. Na tauna biro, na tauna, na rasa Hausarta. Da na tambayi kowane mahauci a kasuwa, ko tsohuwar da take share mana baranda, da sun gaya mini. Amma ina mai biro uku zai tambayi mai shara Hausa? Na ce zan cike daga baya, na bar gidan fanko.

Ni ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta cin abinci a gabana, idan na shigo gida ta gyara lulluɓi ta kalli gefe. Idan dole ta ambace ni sai ta ce "wanga". Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san haka uwa take da ɗan fari, kuma na san a cikin 'ya'yanta ni take zaɓar wa kifin da ya fi mai. An haife ta a kan gungu, wato tsibiri a tsakiyar kogi, tun kafin a yi madatsa a tare ruwa, daga baya aka zaunar da su a wani ƙauye a bakin tafki wajen Ngaski, a nan ta tsufa tana bandar kifi. Ni tun ina ƙarami aka kai ni gidan kawu a Yelwa don boko, Gungancina, wato yaren su Inna, ya tsaya a gaisuwa. Ƙanwata, wadda take bi na, ita ta zauna a ƙauyen har ta yi aure a nan. Da ita Inna take hira da yarensu, su yi ta yi suna dariya. Da ni Hausa take yi, ita ma a taƙaice.

Lokacin da ruwa ya ja baya ya bar taɓo a bakin gaɓa, Inna ta zame tana fitowa daga kwalekwale da kwando a kai. Ta faɗi a gefen dama. Ta tashi da kanta, ta tsince kifinta, ta ɗingisa har gida. Kwana uku ana gasa mata wurin da ruwan zafi, ciwon bai sauka ba, sai ƙanwata ta sako ta a jirgin ruwa na ranar kasuwa suka zo Yelwa. Na fito baranda na gan su a kan benci, Inna da sanda a hannu ɗaya, ɗayan a kafaɗar ƙanwata, ga wani kwando a rufe da tsumma a ƙasansu.

Abin da ya fara zuwa raina ba tausayi ba ne. Murna ce. Na ce yau Inna za ta ji da kunnenta abin da ɗanta ya zama. Na tsallake da ita layi, na kama mata sanda. Ƙanwata ta miƙe za ta biyo mu, na ɗaga mata hannu na ce ta zauna ta tsare kwando, ciki ba wurin wanda ba ya jin yaren likita ba ne. Ta buɗe baki za ta yi magana, na riga na juya. Inna ta waiwaya ta dube ta sau ɗaya, sannan ta shiga.

Likita ta yi murna da na ce mata mahaifiyata ce. Na gaya mata Inna ma 'yar tsibiri ce kamarta, ta yi dariya ta riƙe hannun Inna da hannu biyu. Sannan ta tambayi inda yake ciwo. Na juya wa Inna tambayar. Ta kalli ƙafar tebur, ta gyara bakin zanenta, ta sake gyarawa. Na ce, "Inna, likita na jira. Ina ne?"

"Kwankwaso na," in ji ta, a hankali.

Ban ma buɗe littafin ba, na haddace shafi na huɗu. Na ce "cintura", na ja kalmar yadda likita take ja, ina satar kallon Inna in ga ko ta ji.

Likita ta san aikinta, ba zan ɗora mata abin da ba nata ba. Ta ga yadda Inna ta shigo, ba ta gamsu ba. Ta ce Inna ta hau gado ta kwanta ta ɗaga mata ƙafa. Inna ta damƙe zanenta ta ce ita ba ta kwantawa, ai da ƙafarta ta zo. Na gaya wa likita tsofaffinmu haka suke, ba sa son gadon asibiti. Ta dube ni, ta dubi Inna, ta ce da Turancinta ko zan fita in turo mata nas mace. Na ce nas-nas ba su san kalmomin ba, za su rikita ta ne kawai. Sai likita ta miƙe tsaye, ta dafa gefen cinyarta daga sama ta ce, "Cadera?" Ta mayar da hannun bayanta ta ce, "Cintura?" Ni take tambaya, don ni ne mai baki a ɗakin.

Na tuna gidan da na bari fanko. Ba ni da kalmar da zan mayar wa Inna da tambayar farko, kuma ba zan tsaya ina lalube a gabanta ba. Ban da haka, ai ta riga ta ce kwankwaso, kwankwaso kuwa yana nan rubuce a layinsa da hannuna. Na ce "cintura", da ƙarfi, har da gyaɗa kai.

Ta latsa bayan Inna ta kan riga, daga sama zuwa ƙasa. Duk inda ta taɓa Inna ta ce e, nan ne, don dai a gama ta fita. Layi ya kai bakin ƙofar asibiti ranar, kasuwa ce. Likita ta rubuta maganin ciwo da na shafawa, ta ce a huta, idan bai yi sauƙi ba cikin mako a dawo a ɗauki hoto. Ni na fassara wa Inna cewa ba komai, buguwa ce, ta riƙa takawa a hankali jijiyar za ta saki. Takawar nan ba likita ta faɗa ba, ni na ƙara daga ilimina.

Kwandon da ƙanwata ta tsare bandar kifi ce, Inna ta kawo wa likita da ni. Muka raba a ɗakin bayan azahar. Na koya wa likita sunan kifayen, ragon ruwa da karfasa, ta koya mini nasu, muka ci da yaji tana hawaye tana dariya.

Maganin ya danne ciwon, Inna ta koma bakin murhun banda, tana takawa a hankali kamar yadda ɗanta ya ce. Ba ta dawo cikin mako ba. Kwana goma sha biyu bayan zuwanta, ta sunkuya za ta ɗaga itace, ƙanwata ta ce har daga ɗaki ta ji ƙarar. Wannan karon a kan ƙyauren ƙofa aka ɗauko ta zuwa jirgi, ƙafar dama ta juya waje, ta fi ɗayar gajarta.

Aka ɗauki hoto. Likita ta ɗaga shi a taga, ta nuna mini da bayan biro inda wuyan ƙashin cinya ya rabu biyu. Ta ce tun faɗuwar farko ya tsage, tsagar ce ta riƙe da ƙyar, da an sani an kwantar da ita an tura ta inda za a sa mata ƙarfe da ƙafar ta tsira. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ajiye hoton, ta dube ni ta ce, "Cadera." Ta koma kan rubutunta.

Ta rubuta takardar zuwa Sakkwato don a yi aiki. Inna ta ce ba mai yanka ta tana raye, kawunnaina suka goya mata baya, ni ma na bi su. Aka kai ta wurin wani maɗori wajen Shanga, tsoho mai gaskiya. Ya shafa wurin ta kan zane da mata biyu a gefensa, ya fito ya same mu a zaure ya ce zai gwada, amma kada mu sa rai, don karayar tana can cikin katara, inda karan ɗori ba ya kamawa.

Katara. Na san kalmar, na ji ta a bakin tsofaffi da mahauta tun ina yaro, boko ne ya binne mini ita. Kuma duk wanda ya furta ta ya furta ta likita zai ji kusan sauti ɗaya ne, kamar da gangan aka yi don a yi mini dariya. Da na koma Yelwa na buɗe shafi na huɗu na cike gidan. Rubutun ya fita da kyau, ba wanda ya amfana da shi.

Shekara uku Inna ta yi a kwance. Matar da take tura kwalekwale ita kaɗai ta koma sai an juya ta. Ƙanwata ce ta ɗauki komai, ɗagawa da wanki da gyaran shimfiɗa, da 'ya'yanta biyar da mijinta a gefe. Ni in zo ranar Asabar da 'yar ledar lemo, in zauna a bakin ƙofa in gaishe ta, idan za a gyara ta a ce in ɗan fita. Ko wannan wahalar ba a ba ni damar sha ba.

Abin da ya fi ci mini rai, ba ta taɓa zargina ba. Da ta zarge ni da na sami abin riƙewa. A maimakon haka, duk wanda ya zo dubiya ina nan, sai ta nuna ni da haɓa ba tare da ta kalle ni ba, ta ce wanga yana jin yaren likitoci, da kunnenta ta ji, ita da likitar ba ka bambance su. Mata su yi ta sa mini albarka. Ni in sunkuyar da kai, su ɗauka kunya ce.

Likita ta gama wa'adinta a shekara ta biyu ta koma ƙasarsu. Ta bar mini ƙamus ɗin. Wanda ya zo bayanta ɗan Argungu ne, ba ya buƙatar tafinta, aka mayar da ni tagata. Biro uku suka koma ɗaya. Har yau idan wani ya ce mini kwankwaso a taga sai na ajiye kati na ce ya nuna mini da hannu, mutanen layi suna tsaki suna cewa mai kati ya cika iyayi.

Inna ta rasu da damina. Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu da la'asar, na sami ƙanwata a bayan gida kusa da murhun bandar da ya rushe, tana wanke kwanoni. Na tsuguna na gaya mata abin da na ɓoye shekara uku. Na ba ta labarin littafin, da gidan da na bari fanko, da tambayar da likita ta yi mini sau biyu. Na ce kalma ɗaya ce ta kwantar da Inna, kuma ni na furta ta. Ina tsammanin za ta yi kuka, ko ta ce ƙaddara ce kamar yadda kowa yake cewa.

Ba ta daina wankin ba. Ta ce tun daren faɗuwar Inna ta gaya mata inda yake ciwo, da yarensu, ba kuwa a baya ba ne. A gaba ne, can cikin matsematsi, wurin da ko ita sai da Inna ta rage murya kafin ta faɗa mata. Kwankwaso shi ne wuri mafi kusa da uwa za ta iya ambata a gaban ɗan fari.

Na ce to don me ba ta gaya mini ba, ko a baranda, ko bayan mun fito?

Sai a lokacin ta ajiye kwanon ta dube ni. "Yaya, in hwaɗa maka mi? Abin da Inna ba ta iya hwaɗa maka, ni ƙanwarka zan iya? Cikin jirgi munka shirya. Tac ce in mun shiga, kai ka gaisa da likita ka hita, ni in nuna mata wurin bisa jikina da hannu. Ba a bukatar yare ko guda. Na miƙe in bi ku, kac ce in zamna in tsare kwando."

Ta ɗauki wani kwanon ta tsoma a ruwa.

"Na ko tsare shi, Yaya. Ko kihi guda bai ɓace ba."